Na ɗauki hoton wata tsohuwa a Kurmi, ɗanta ya kira ni

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, wani abu ne ya tsaya mini a rai kwana biyu, na ga gara in kawo shi gabanku in ji ta bakinku.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Kurmi da hantsi. A bakin wani lungu, kusa da masu sayar da kayan doki, na ga wata tsohuwa zaune tana dama fura. Kwanon rumfar da ke kanta ya ɗan yage, rana ta ɓullo ta wannan kafar ta sauka daidai kan hannunta da ƙwaryar, duk sauran wurin kuwa inuwa. Ludayin na juyawa, nonon na sheƙi, ga tsohon zoben azurfa a yatsanta. Wallahi tunda na fara riƙe kyamara ban taɓa samun haske irin wannan ba. Na tsaya daga nesa na jawo ta da dogon gilashin kyamara, na danna sau uku na wuce. Ba ta ma san na yi ba.

Da daddare na sa hoton a Facebook da Instagram, ban rubuta komai a ƙasansa ba sai "Kurmi". Kafin Litinin ya zaga ko'ina. Wasu shafuka suka ɗauka suka liƙa masa nasu bayanin, wai ga yadda talauci ya mayar da iyayenmu a Arewa. Jiya ɗanta ya samo lambata ya kira ni. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da abin ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi mahaifiyarsa ba bara take yi ba, sana'arta take, da furar nan ta aurar da 'ya'yanta mata, kuma su suka yi ta fama ta zauna a gida ta ƙi. Sannan ya ce, "Malam, wa ya ba ka izini?"

Na goge nawa nan take, amma na hannun mutane fa? Abin da nake tambaya: in har sai na nemi izinin duk wanda zan ɗauka, ta yaya za a ɗauki hoton gari? Kun sani, da zarar ka ce wa mutum za ka ɗauke shi, sai ya gyara hula ya ƙame, hoton ya mutu.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, ni ban ga laifinka ba. Kasuwa ba ɗakin kowa ba ce. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 sirrin mutum ya kare, da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Wanda ya zauna a bakin hanya a Kurmi, mutum dubu nawa ne ke ganinsa kafin azahar? Masu laifi su ne waɗanda suka sace hotonka suka yi masa ƙarya.

Kuma abin da ke damuna ya wuce wannan. Ku duba tsofaffin hotunan Kano da Zariya da muke ta yaɗawa muna cewa Allah sarki, wa ya ɗauke su? Kusan duk Turawa ne. Su suka zaɓi abin da za a gani, su suka rubuta bayanin. Yanzu Allah ya sa kyamara a hannunmu, sai kuma mu ɗaure kanmu da kanmu? Ganuwa tana ta zaizayewa, ana cike kududdufai ana gini, an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 aka sake ta da faɗi saboda titi. Wanda bai ɗauka jiya ba, yau ba zai samu ba. Mai furar nan ma nan da shekara ashirin ba lallai a sami irinta da ƙwarya da ludayin duma ba, roba da injin markaɗe sun ci kasuwar.

Maman Hanifa:
Malam Bazazzagi, ganin ido daban, hoto daban. Mutum dubun da ka ce suna wucewa, kowa ya gan ta ya manta. Hoto kuwa zama yake a wayar wanda ba ta sani ba, a tura shi inda ba ta taɓa zuwa ba, surukanta su gani, jikokinta su gani a makaranta da rubutun talauci a ƙasa. Ba ta fito kasuwa da wannan yarjejeniyar ba.

Ni mace ce, shekara shida ina ɗaukar hoton biki da suna. Ina shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, ina ganin amare kafin su yi lulluɓi, ina ganin tsofaffi sun saki jiki suna guɗa. Abin da ya sa ake sake kirana ba tsadar kyamarata ba ce, an san hoton da na ɗauka ba zai fita ba sai da yardar masu shi. Akwai yarinyar da na sani, wani ya ɗauke ta tana dariya a wajen kamu ya watsa, saura ƙiris a fasa aurenta. Ku maza abin nan ba ya cizonku kamar yadda yake cizonmu, shi ya sa kuke saurin kawo tsarin mulki.

Bazazzagi:
Hajiya, cikin gida ai ban yi musu ba. Maganar kasuwa muke.

Maman Hanifa:
Ita ma kasuwar, ga wadda ta shekara talatin a gindin rumfa ɗaya, ai ta zama tsakar gidanta.

Baba Mai Hoto:
Ɗana na Fagge, bari in ba ka labarin yadda muka koyi abin, ka ɗauki wanda zai amfane ka.

Na fara sana'ar nan lokacin fim. Nadi ɗaya hoto 36 ne, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Saboda haka ba ka danna banza. Wannan tsadar ita ta koya mana zama. In na je wuri, kyamara tana cikin jaka tukuna. In yi sallama, in gaisa, in tambayi kasuwa, in sayi abin da ake sayarwa.

Karon farko da na je marinar Ƙofar Mata, saurayi ne ni mai gaggawa. Ina shiga na ɗaga kyamara, wani dattijo da ke bakin karofi ya juya mini baya, sauran ma suka bi shi. Na koma gida da fim ɗina cur. Maigidana a situdiyo ya ce gobe in koma ba kyamara. Na yi kwana uku ina zuwa ina zama. A nan na san baba da toka da kanwa ake haɗawa a ramin, a bar shi kwanaki yana tsima kafin a fara rini. A nan na ga ashe zane in an tsamo shi daga karofi ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi yake juyewa a gaban idonka. A mayar, a tsamo, a mayar, har ya yi duhun da ake so. Na ga hannun dattijon nan, shuɗin ya kama shi har cikin farce, ba sabulun da zai fitar. Rana ta huɗu shi da kansa ya ce, "Yaro, ina akwatin naka?" Na ɗauko. Bai gyara hula ba, bai ƙame ba, domin ya riga ya gaji da kallona, aikinsa kawai ya ci gaba da yi. Kuma na san daidai lokacin da zan danna, lokacin da koren ke komawa shuɗi. Da na ɗauka ranar farko, ban ma san akwai wannan lokacin ba.

To ka ga amsar tambayarka. Ƙamewar da kake tsoro ta minti biyar ɗin farko ce. Ba wanda zai iya ƙamewa awa guda alhali ga masu ciniki suna jira. Ka nemi izini, ka zauna, za su manta da kai.

In kuma abu ya zo maka ba shiri, kamar hasken nan da ka gani, ban ce kada ka danna ba. Danna. Amma ƙafarka kada ta wuce. Ka ƙarasa, ka durƙusa ka gaishe ta, ka juya mata kyamara ta gani. Ku yanzu ai kun huta, hoton na nan a bayan kyamara nan take. In ta ce goge, ka goge a gabanta. Kuskurenka ba dannawar ba ce, wucewar ce.

Ɗan Fagge:
Baba, na gode. Gaskiya kunya ce ta hana ni ƙarasawa, da tsoron kada ta ce a'a.

Baba Mai Hoto:
Wanda ya ji tsoron a'a, ai zuciyarsa ta riga ta gaya masa akwai mai haƙƙi a wurin.

Bazazzagi:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta shige ni. Amma ranar Hawan Daushe fa? Dawakai sun cika Ƙofar Kudu, kowane hakimi da tawagarsa, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga dogarai, ga 'yan kallo har kan katanga. Wa zan bi in nemi izini? Kuma hawan nan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Duniya ake so ta gani.

Baba Mai Hoto:
Wanda ya naɗa rawani ya ja amawali, ya ɗora wa dokinsa jalala, ya fito da makaɗa a gabansa, ya riga ya ba ka izini tun daga gida. Don a gan shi ya fito. In ka ɗauke shi da kyau, gobe yaransa za su zo neman hoton. Amma ko a filin hawa akwai abin da ba na ɗauka. In doki ya kayar da mutum rawaninsa ya warware, na sauke kyamara. In mace ta ja mayafi ta rufe fuska da ta hango ni, ta yi magana ke nan, na ji. Na taɓa ganin wani ya ɗauki dattijo mai sarauta yana ƙasa ana ƙoƙarin tashinsa, hoton ya yi ta yawo, har yau iyalinsa ba su manta ba.

Sabon Shiga:
Afuwan manya, zan ɗan karkata. Tunda an zo maganar hawa, me ya sa duk hoton jahi da na ɗauka yake fitowa dishi-dishi? Sai ka ga dokin kamar hayaƙi.

Bazazzagi:
Ƙanena, saurin ƙiftawar kyamararka ne ya yi ƙasa. Doki mai sukuwa ba ya tsayuwa a hoto sai ka kai 1/1000 na sakan, in da hali ma ka wuce. Matsalar Hawan Daushe ita ce da yamma ake yi. Sarki zai fita ya biya Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, ya zaga unguwanni, kafin ya dawo Ƙofar Kudu a fara jahi rana ta yi sanyi, kuma a nan ƙasar tamu duhu ba ya jira, tana faɗuwa shi ke nan. Saboda haka ka buɗe gilashin iya buɗewarsa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ba tsoro. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya narke. In waya ce a hannunka, ka yi amfani da ɗaukar nan ta jere da sauri, ka zaɓi ɗaya a ciki.

Ka lura da lokacin da suke jan linzami su turje a gaban sarki su jinjina. A nan hoton yake, ba a tsakiyar gudu ba: ƙura ta tashi, dokin ya kusa zama a kan ƙafafun baya, hannu a sama. Kada ka canja gilashi a filin, ƙura za ta shige ciki ka yi ta ganin ɗigo a kowane hoto. Kada ka haska wa doki filasha. Kuma ka san inda 'yan bindiga suke, domin in suka saki, dawakai kan zabura, kai kuma idonka na cikin kyamara ba ka ganin gefenka. In haske kake so mai yalwa, ka jira Hawan Nassarawa washegari, shi da safe ake fita.

Malam na Gwale:
Ina bin maganar nan tun farko. Hukuncin hoto shi kansa malamai sun yi saɓani a kai, ba zan buɗe wannan babin a nan ba. Amma ko wanda ya halatta bai halatta cutarwa ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Tsayawa daga nesa da dogon gilashi don kada mutum ya san ana ɗaukarsa, kowa ya tambayi zuciyarsa kusa da me wannan yake.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hoton almajirai. Yaro ɗan shekara bakwai da roba a hannu, an matso har fuskarsa, an mayar da hoton baƙi da fari don ya fi ban tausayi. Shi yaron bai san me ake nufi da intanet ba, ubansa na ƙauye, malaminsa ba a tambaye shi ba. Zai girma, wataƙila ya zama ɗan kasuwa ko limami, hoton na nan yana jiransa. In don gyara kake yi, ka je tsangayar, ka zauna da alaramma, ka ɗauki allo da tawada da karatun asuba da ƙarancin makwanci duka, ka faɗi gaskiya cikakkiya. Amma ka tare yaro a bakin danja ka ƙyasta ka wuce, wannan ci da guminsa ne.

Bazazzagi:
Malam, a kan yara na sallama gaba ɗaya. Amma kada mu wayi gari ba ma nuna komai sai dawaki da alkyabba. Akwai kwata a garin nan, akwai yunwa, akwai ajin da yara ke zaune a ƙasa. In ba a gani ba, wa zai gyara?

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira, ina gaida Baba. Mu nan Nijar akwai wata fuskar da ba ku taɓo ba, ita ce kuɗi. Shekarun da masu yawon buɗe ido ke zuwa Agadas da yawa, da bikin gishiri na Ingal, sun saba wa mutane da biya. Ka ɗaga salula kawai, yara su zagaye ka suna kado, kado, wato kyauta da Faransanci. Na je ɗaukar hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda ta kai mita 27 kuma duk ta laka ce, wani ya shigo gabana da raƙuminsa ba ni na kira shi ba, na danna, ya ce jika biyu, wato sefa dubu biyu. Ban ga laifinsa ba, haka aka koya masa. Amma hoton da aka saya ana ganewa, mutumin yana yi maka abin da yake zaton kana so ne.

A Birni nan Damagaram, in zan ɗauki gidajen nan masu zanen ado a bango, sai na yi sallama da mai gida. Ban taɓa samun wanda ya hana ba, wasu ma har zaure suke shigar da ni su gaya mini wane magini ya yi, a zamanin wane sarki.

Sai gargaɗi ga mai niyyar tsallakowa: ko nan ko can, kada ka nuna kyamara wajen bariki, ko shingen jandarma, ko filin jirgi. A halin tsaron da ake ciki, ba za a tsaya sauraron bayaninka na son gine-gine ba.

Maman Hanifa:
Ni kam ban ga aibin biya ba. In kai za ka sayar da hoton ko ka ci gasa da shi, ita mai fuskar ta tashi a tutar babu?

Baba Mai Hoto:
'Yata, gaskiyarki, amma akwai yadda ake yi. Ni ba na miƙa kuɗi in ce na hoto ne. A marina zane nake saya, wajen mai tsire in ci tsire, wajen maƙeri in sayi ko wuƙa ce. Ka zo a mai ciniki, ka tafi a mai ciniki, mutuncin kowa na nan. In hoton ya kawo kuɗi daga baya, ka koma da rabonsa a hannu, ka ce ga abin da Allah ya kawo ta dalilinka. Kuma abin da ya fi kuɗi a wurin mutanenmu, ka wanke hoton a kati ka kai musu. Akwai rumfunan da na kai wa hoto tun ina da baƙin gashi, har yau yana liƙe a bango, mai rumfar ya rasu, 'ya'yansa suna nuna wa jikoki.

Mai Kwalekwale:
Ni daga Gashuwa nake, tsuntsaye nake ɗauka, kuma da na zaci wannan matsalar ba ta shafe ni ba. Ashe ta shafe ni.

Wanda bai taɓa zuwa dausayin Haɗeja da Nguru da sanyi ba, ya daure ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Lokacin ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka, su haɗu da namu na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. A Dagona, matattarar tsuntsayen, in ka shiga ruwa kafin fitowar rana, hazo na kwance a kan ruwan, ba ka jin komai sai ƙarar sandar tuƙi, can sai garke guda ya tashi lokaci ɗaya, sararin ya yi baƙi. Hazon hunturu da masu hoton gari ke kuka da shi, mu a ruwa shi muke so, domin yana tausasa rana har ka iya kallonta kamar faifai.

Amma ba ka isa wurin ba sai da masunci. Shi ya san inda kacala ta toshe hanya da inda ta bar kafa. Farkon zuwana na shiga wani ƙauye ban gaida bulama ba, na kama ɗaukar komai, har matan da ke wanki a bakin ruwa suka shigo ciki. Ranar ba wanda ya yarda ya ɗauke ni a jirginsa ko nawa zan biya. Sai da na koma ta ƙofa.

Su kansu tsuntsayen suna da nasu haƙƙin. Na ga masu jifa ko tafi don garke ya tashi su sami hoto. Tsuntsun da ya ƙetaro Sahara, ƙarfin da ya rage masa na neman abinci ne, ba na tashi sau goma don kyamararka ba. In ka matsa kusa da sheƙa uwar ta gudu, rana ta dafa ƙwan. Haka a Yankari, masu miƙa wa birai abinci a maɓuɓɓugar Wikki don su matso a ɗauke su, su suka koya musu fizge kayan mutane.

Malam Bazazzagi, a kan maganarka ta nuna wahala: ka tuna hoton ambaliyar Auyo ta Jigawa da Sani Maikatanga ya ci gasar hotuna ta Wiki Loves Africa ta 2023 da shi? Daga sama aka ɗauka, gari cikin ruwa. Duk wanda ya gani ya san an shiga uku, amma ba a tozarta fuskar kowa ba. Mu da muke zaune a bakin kogin nan mun san abin da ambaliyar 2022 ta yi mana, kuma wannan hoton ya faɗe shi.

Bazazzagi:
Na tuna shi, hoto ne na gaske. Sai dai ba kowa ke da jirgin ɗaukar hoto ba, kuma a Najeriya tashinsa ma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da tantancewar tsaro. Ban da haka, har yanzu ina kan ra'ayina cewa fuska tana taɓa zuciya yadda rufin gida ba ya yi. Abin da na karɓa daga Baba shi ne a nemi fuskar ta ƙofa. Amma in an ce sam kada a ɗauki baƙo a titi, ban yarda ba, kuma ba zan daina ba.

Ɗan Fagge, ga abin da zan iya taimaka maka da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wanda ya ɗauki hoto iko a kan hotonsa. Facebook da Instagram duk suna da fom na kai ƙarar satar hoto. Ka ajiye asalin fayil ɗin da ke kyamara, shi ne shaidarka, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ni ma wata ƙungiya ta taɓa buga hotona a kalandarta ba sallama, sai da na nuna asalin suka sauko.

Maman Hanifa:
Kuma ka lura da abu ɗaya, ƙanena. "Kurmi" kawai ka rubuta, domin iyakar abin da ka sani ke nan. Da ka zauna da ita, da ka rubuta cewa wannan baiwar Allah shekara kaza tana dama fura a nan, da ita ta aurar da 'ya'ya. Hoton da ba shi da bayani maraya ne, kowa ya tsince shi sai ya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Malam na Gwale:
Ka fara da ɗan nata. Shi ya kira ka, ta hannunsa za ka shiga. Kada ka je mata kai tsaye a gaban 'yan kasuwa.

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na bi shawarar Malam, na kira ɗan nata na ba shi haƙuri, na roƙi ya raka ni. Da farko ya ce a bar maganar, daga baya ya ce in zo gida ranar Juma'a bayan an sauko, ba kasuwa ba. Na wanke hoton babba na sa a firam.

A soro aka shimfiɗa mana tabarma, ta fito. Na durƙusa na faɗi abin da na yi ba ragi. Ta karɓi hoton ta matsa da shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta sa yatsa a kan hannun da ke cikin hoton ta ce wa ɗanta, "Ka ga hannun Inna." Ashe zoben na mahaifiyarta ne, kuma a wajenta ta gaji sana'ar. Sannan ta juyo ta ce mini, "Ɗan nan, da ka yi magana ai da na gyara mayafina. Dubi wuyana a waje." Jama'a, na kalli hoton nan ya fi sau ɗari, ban taɓa lura mayafin ya zame ba. Haske kawai nake gani.

Ta ce ta yafe. Firam ɗin ta riƙe, ta ce a ɗakinta zai zauna. Amma ta ce fuskarta kada ta sake shiga waya, ko da bayani ko babu. In ina so in zo in ɗauki ƙwarya da hannu, wannan ta yarda, da sharaɗin in nuna wa ɗanta kafin in sa ko'ina.

Shafuka biyu sun sauke bayan na cike fom ɗin da Bazazzagi ya faɗa. Na ukun, wanda ya fi yawan mabiya, har yanzu shiru, na sake turawa yau.

Baba, ranar Asabar zan koma. Lungun akwai duhu, kuma hannunta ba ya tsayawa in tana damu. Da wane gilashi zan je?

Baba Mai Hoto:
Alhamdu lillahi. Ka bar dogon a gida, ka ɗauki gajeren gilashinka mai milimita 50, ka zauna kusa yadda za ta riƙa jin ƙarar dannawar. Ka auna haskenka a kan nonon, ba a kan inuwa ba, in ba haka ba farin zai ƙone ka rasa zanen ƙwaryar. Ƙiftawar 1/250 ta isa ta tsayar da hannu ta bar ludayin da ɗan motsi. Ka riga hasken isa wurin da kamar rabin awa, don rana ba ta daɗewa a kafar kwano irin wannan. Ka tafi da kofinka, ka ce a dama maka ta ɗari biyar, kada a cika sukari.